Na'urar da Ta Daina Jirana

…ya ce layi biyu ne kawai. Layi biyu, Haggai. Yana faɗa yana goge gumi da bayan hannu, bai ma kalle ni ba. Jabiru ke nan, mai gyaran da aka turo daga Birnin Kebbi, ba ka san shi ba, bayanka ya fara zuwa. Ya rubuta, ya adana, ya ce da zarar sabar, babbar kwamfutar da ke riƙe da sauran, ta mutu ta sake tashi shi ke nan, an gama har abada. Ya ɗauki hularsa ya tafi sallar azahar. Ni kuma ga ni zaune kan kujerarka, wadda ƙafarta ɗaya ke rawa, ina jiran Nepa su ɗauke wuta.

Ni Beatrice, yau ni ce ke jiran a ɗauke wuta.

Ka tuna yadda ka bayyana mini? Lokacin kafen intanet na Baba sabo ne, fenti bai bushe ba, kuɗin sallamarsa na soja duk sun shige cikin wancan faifan kamo intanet da ke bisa rufi. Ka ce duk shafin da mutum ya buɗe a kwamfutocin nan, sai sabar ta buɗe masa fayil, kamar a buɗe ƙofa. An kuwa ƙayyade mata adadi, dubu da ashirin da huɗu, in ta kai nan sai ta ƙi buɗe ko guda. Shago ya cika, komai ya tsaya cak. Sai ka buga ɗan umarnin nan, adadin ya ƙaru, ka tayar da manhajar da ke raba intanet, kowa ya koma harkarsa. Amma da an ɗauke wuta sabar ta manta. Ta koma dubu da ashirin da huɗu, kamar ba ta taɓa ganinka ba.

Kuma wuta a Zuru… hm.

Sai Baba ya ce, Beatrice, je ki kira mai injin nan. In tafi in same ka a bayan kasuwa kana kwance rediyon wani. Ka biyo ni kana tura mashin maimakon ka hau, wai mai ya yi tsada. Ƙarya kake, na sani, tun lokacin na sani. Na tambaye ka ko ba a gyara abin gaba ɗaya, ka ce sai an yi nazari, abu ne mai wuya. Kullum sai an yi nazari. Baba ya yi ta tsokanarka, wai samarin da can suna golmo, su yi shekaru suna noma a gonar suruki kafin a ba su mata, kai kuwa naka golmon a gaban kibod kake yi, ko fartanya ba ka ɗaga ba. Ka yi dariya har kana riƙe ciki. Ni ban gane ba, wallahi ban—

Fanka tana juyawa. Har yanzu da wuta.

Mama Talatu ce ta sa na yarda a gyara. Jiya ina coci wajen taron zumuntar mata, wuta ta tafi ta dawo, ba ni nan in buga umarnin. Tsohuwar ta zo tun daga Mahuta a kan mashin don ta yi magana da ɗanta da ke aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan. Ranar da ya ce zai samu kwamfuta ke nan, ranar kaɗai. Shago cike da 'yan duba sakamakon jarrabawa, sabar ta cika, ta ƙi. Na dawo na tarar da ita zaune gaban allon da ba ya motsi, jakarta a cinya, ta yi ado kamar zai gan ta. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ta ce kawai, "Ɗiyata, ko ya ɗauka ban zo ba?"

Me zan ce mata? In ce ai ana iya gyarawa, ni ce ban nema ba? In ce hannun mijina ne a ciki?

Don hannunka ne. Bayan biki ka koya mini, ka tsaya a bayana, ka ɗora yatsunka bisa nawa, harafi bayan harafi, kana warin man mashin da sabulun wanki. Ka ce ko ba na nan… Ka ce ko ba na nan, kamar wasa. Sai hanyar Ribah, sai damina, sai wata mota da ba ta tsaya ba. Aka kawo mini takalminka ƙafa ɗaya. Na ba da rigunanka, na ba da akwatin kayan aikinka, mashin ɗin ma ban nemi ganinsa ba. Wannan kaɗai na riƙe. Duk sadda wuta ta dawo in zauna in buga, in ji nauyin yatsunka. Ina kewarka, Haggai, kewar da ba ta da kunya, har addu'a nake a ɗauke wuta.

Abin da Jabiru ya faɗa ne ya tsaya mini a rai. Yana duba cikin sabar yana kaɗa kai, wai duk wanda ya haɗa wannan ya fi shi sanin aiki nesa ba kusa ba. Ya ce, "Madam, mai irin wannan hannun ya san layukan nan biyu kamar sunansa. Ban gane me ya sa ya bar shi haka ba."

Bai gane ba.

Sai an yi nazari… Kai, Haggai! Duk tafiyar nan daga bayan kasuwa, kana tura mashin, kana tambayata sunayen ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Baba ya sani, shi ya sa yake dariya. Ni ce kawai sakarar da ta ɗauka inji ne ya gagare ka. To bayan an ɗaura fa? Ai ka samu abin da kake nema, me ya hana ka gyara? Ko ka saba ne? Ko kana son in riƙa buƙatarka, ko da na minti guda ne a yini? Da ka faɗa mini. Da ka bar ni na yi maka tsiya a kai, ko sau ɗaya.

Fanka ta tsaya.

To. Tashi, Beatrice. Janareta, igiya, ja, sake ja — kafaɗata — ya kama. Allo ya yi haske, rubutu na gudu, ga ɗigon nan yana ƙiftawa inda yake jirana kullum. Yatsuna sun riga ni zuwa. Bari in fara duba adadin, yadda Jabiru ya nuna mini…

Ya ƙaru. Tun kafin in taɓa.

A bayana wani ya ce an samu, shafi ya buɗe. Gobe Mama Talatu za ta dawo, ɗan nata ya aiko cewa ya roƙi wata ranar, ko ina nan ko ba na nan za ta samu ɗanta, kuma hakan daidai ne, na san daidai ne. Ɗigon yana ta ƙiftawa. In na buga yanzu zai karɓa, ba zai ƙi ba, ba zai dai canza komai ba.

Hannuwana na bisa kibod, Haggai. Ban san inda zan kai su ba.