Tudun Nuriyya

Ni Mala direba, shekara ashirin da shida ina jan mota tsakanin Haɗeja da Kano, kuma idan za a jera waɗanda suka fi zagin sabuwar tasharmu lokacin da ake gina ta, to a fara da ni.

Tsohuwar tashar ba wanda ya zana ta. Wani fili ne mai kwari a bakin gari, inda motocin katako suka fara tsayawa tun zamanin iyayenmu don lodin shinkafa da bandar kifi. Masu shayi suka biyo, masu faci suka biyo, wuri ya zama tasha. Da damina kuwa sai dai kowa ya naɗe wando.

Da aka tashi sake ta, sai aka kawo mana wata injiniya 'yar Kaugama, Nuriyya, siririya, da hular kwano a kan mayafi. Mun zaci za ta zauna da manyan ƙungiyar direbobi a sha lemo. Ina! Kwana uku ta yi a rumfar Inna Saude mai kifi. Ashe tsohuwar nan, duk shekarar da kogi ya yi ambaliya, takan sa wuƙa ta tsaga ginshiƙin rumfarta daidai inda ruwa ya tsaya, don ta san inda za ta rataye kwandunanta baɗi. Nuriyya ta auna tsagar da ta fi kowace tsawo, ta ƙara kamu guda, ta ce nan daɓen tasha zai zauna.

Tifa bayan tifa ana zuba jar ƙasa. Na tsaya a gaban mutane na ce da ita, "Yarinya, mota muke ja, ba akuya ba, da za ki ce mu riƙa hawa dutse." Aka yi ta dariya. Ta ci gaba da aikinta. Ni na laƙaba wa wurin Tudun Nuriyya, sunan kuma ya bi shi.

Da aka gama fa, gaskiya abu ya yi. Mota ta shiga ta gabas ta fita ta yamma, babu direban da zai yi gaba da gaba da ɗan'uwansa har a kai ga zage-zage. 'Yan adaidaita da 'yan acaɓa layinsu daban. Rufin ya yi sama sosai, an bar masa kafa a tsakiya zafi yana fita, ga farantan sola suna juya fanka suna jawo ruwan alwala. Rumfunan kifi ta kai su ɓangaren da iska ke ficewa, fasinja ya zauna da farar rigarsa ba ƙarni. Hawan ma da nake zagi, a kwance yake, mai baro da buhu uku yana tura abinsa yana hira.

Duk na gani, kuma a raina ya burge ni, amma baki ya riga ya furta. Na ce ni ba zan hau ba. Muka tsaya mu huɗu a gindin tudu muna lodi a bakin titi. Ɗaya bayan ɗaya suka zame suka haye, aka bar ni da motata ƙirar Sharon, wadda ita kaɗai na mallaka, kuma ita ke ciyar da mutum tara a gidana.

Ranar wata Talata a watan Satumba, da hantsi, ina jiran fasinja biyu mota ta cika, sai na ga ruwa yana tahowa ta gonakin shinkafa. Babu ƙara, babu komai, ja-wur da shi, yana ɗauke da ciyawa da kainuwa. Jingar da ke tare kogi ce ta ɓalle. Fasinjoji suka fice da gudu. Kafin in juya mota ya shanye tayoyi, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Na san idan ruwan nan ya shiga cikinsa, ni da mota sai dai labari. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na ɗaga kai. Tudu ya cika maƙil da motoci, buhunan shinkafa shanshera, awaki, mata da goyo. Fannami, shugaban ƙungiyarmu, ya leƙo ya ce, "Mala, wallahi babu wuri!"

Sai muryar Inna Saude: "Ku ɗora kwandunana a kan rufin motoci, ku ba shi gurbina. Ku kuma da kuke kallo, ba ku da hannu ne?"

Mutum kusan goma suka faɗo cikin ruwa har cinya, da yawansu waɗanda na sha yi wa dariya don sun hau. Muka tura. Da a ce hawan nan a tsaye yake, da ba mu kai ba. Motar ta miƙe a hankali har ta daidaita a kan busasshen daɓe, ni kuwa na zauna a ƙasa ina haki.

Da na dawo hayyacina na karɓi lambar Nuriyya a wurin Fannami. Tana Dutse a lokacin. Na shirya ban haƙuri mai tsawo, na ce, "Mala ne, mai baƙin bakin nan."

Ba ta bari na ci gaba ba. "Baba Mala, don Allah je ka matakalar masallacin tasha ka duba min. Nawa suka rage ruwa bai shanye ba?"

Na je na ƙirga. "Saura biyu, kuma ruwan ya daina hawa."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Motocin fa, nawa suka samu hawa?"

"Duka, 'yata," na ce. "Har da tawa."