Muryar Baba a Rikodarka

Kun taɓa neman muryar mutum a cikin kanku ku rasa, alhali fuskarsa na nan raɗau? Ni tun safe nake nema. Kwalba a hannun hagu, ɗigo na sauka ɗis... ɗis... jira nake ruwan ya koma ruwan hoda, in rubuta, in wanke, in sake. Aikina ke nan a ɗakin gwajin ruwan sha. Farar rigata sabuwa fil, kaina cike da dabaru, jiya ma na gaya wa Oga yadda za mu rage ɓarnar sinadari, ya ce, "Ƙanwata, bari kujerarki ta yi ɗumi tukuna."

Baba zai yi dariyar wannan. Dariyar... yaya take ma? Da tari take farawa ko da shi take ƙarewa?

Kai ka sani, Farfesan Hira. Haka nake ce maka a makaranta, kai kuma ka ce min Likitar Kwalba. Ni ina kimiyya, kai kana nazarin zamantakewa, muna rigima a ƙarƙashin matakalar laburare. Na ce karatunku zaman majalisa ne, tambaya ɗaya amsa goma, kowacce wai daidai. Ka ce, "Ku kuma kwalba ba ta taɓa yi muku kuka ba." Na ce mu in gwaji ya lalace sai mu zubar mu sake. Ka ce, "Mu ba a sake mana."

Ruwan bai canza ba. Ɗis...

Aikinka na ƙarshe a kan tsofaffin masu sana'a ne da 'ya'yansu suka ƙi gado. Ni na ce ga Babana tela, je ka ya cika maka rikoda. Ka je shagon — keken ɗinki, ƙyallaye a ƙasa, alli a bayan kunnensa, tef a wuya. Ni ban je ba. Ina ɗakin gwaji ina gadin wani abu da ba ya son a bar shi ya huce. Ka dawo idonka ja, ka ce, "Ya yi maganarki." Me ya ce? "Amana ce, Likita." Na ce ka riƙe kayanka, ai Baban nawa ne, zan tambaye shi da kaina in an yi hutu.

In an yi hutu...

Kafin hutun ya zo Baba ya rasu. Umma ta ba da keken. Wayarsa ba ta ajiye komai, irin mai tocila ce. Yaya ya ce shi ma sai a mafarki yake jin muryar, kuma da ya farka ta gudu.

Ga firizarmu can tana gurnani. Ruwan rijiyar bara na ciki, da suna, da rana, ba mai taɓawa. Mu haka aka koya mana: ajiye samfur, wata rana za a nema. Ku kuma... wayyo. Yanzu na tuna. Kai ka gaya min da bakinka, kana alfahari: kafin ku kunna rikoda sai kun yi wa mutum alkawari, za a sauya sunansa, in an gama aiki a goge muryar. Baba yana cikin kundinka, "wani dattijo tela". Kai kuma ban taɓa ganin ka saɓa alkawari ba, ko na aron biro.

Ruwan kwalbar ya wuce ruwan hoda, ya yi ja. Na zarce. Ba komai, a zubar a sake, wannan ai ana sakewa.

Lambarka ba ta shiga tun da muka gama. Ko ka goge muryar? Ko hannunka ya je ya dawo?

Don Allah, wanda duk ya san wani dogo mai gilashi, mai tambayar tsofaffi yana gyaɗa kai, ya ce masa ɗiyar tela na nemansa. Ba sai ya faɗa min abin da Baba ya ce ba. Ya bar min tarin kawai, da ƙarar keken... in bai riga ya cika alkawari ba.