Ranar da Mawaƙa Suka Kori Likita

A gidan giyata mawaƙan garinmu suke taruwa kowace Lahadi bayan an tashi daga coci. Malam Ottmar, malamin makaranta, shi ya kafa ƙungiyar bayan yaƙi, shekarar da sarki ya gudu aka ce mulki ya koma hannun jama'a. Shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Ko waƙar da za a rera sai an ɗaga hannu. Mai gidan burodi, ma'aikatan masaƙa, tsofaffin sojoji, har da Likita Siegbert, Bayahude, wanda ya baro yatsu biyu a fagen daga, duk benci ɗaya suke zama.

Gardama kam kullum ana yi. Wani ya ce, "Malam, jamhuriyar nan taku miya ce ko dankali?" A yi dariya, in ƙaro giya, a koma waƙa.

Da aka rufe masaƙa dariyar ta ragu. Zaɓe ya bi zaɓe, gwamnati ta faɗi, wata ta hau ta faɗi. 'Yan gurguzu masu jar tuta suka daina zuwa. Samari suka fara shigowa da riguna masu ruwan ƙasa na wata jam'iyya mai ƙin Yahudawa, cikinsu har da Hartwig, ɗan mai burodi.

Wata Lahadi, a shekarar da shugabansu ya hau mulki, Hartwig ya miƙe ya ce ba za su ƙara waƙa da Bayahude ba.

"Zauna, yaro," in ji Malam Ottmar. "Wannan mutumin ne ya karɓi haihuwarka."

"Ai kai ka koya mana, Malam. A ɗaga hannu mana!"

Malam ya dubi fuskokin mutanen da ya sani tun suna yara. Ya tabbata za su ba yaron kunya, sai ya yarda.

Hannaye suka tashi, wasu da sauri, wasu a hankali, masu hannayen suna kallon ƙasa. Mai burodi ya ɗaga nasa rabi, ɗansa ya harare shi, ya ƙarasa. Da aka nemi waɗanda ba su yarda ba, hannun Malam kaɗai aka gani.

Likita ya ɗauki hularsa. Ya ce mini, "Trude, kar ki daina shan maganin tarin nan." Ya fita, babu wanda ya raka shi.

Kafin bazara ta wuce aka sallami Malam daga makaranta. Yakan zo da rana ya zauna bakin taga, giyarsa ta salance bai taɓa ta ba.

"Da na ƙi a ɗaga hannu, Trude, da na zama irinsu," ya ce mini. "Na yarda kuma, ga shi."



Likita ya ƙi barin garin, ya ce nan ne kabarin uwarsa. Bayan wasu shekaru mutanen gwamnati suka zo da mota suka tafi da shi da matarsa, ba a ƙara ganinsu ba. Malam bai ga wannan ba, sanyin hunturu ya riga ya ɗauke shi. A jana'izar Malam ni ce kawai da ƙanwarsa, sai mai haƙa kabari.