Jajayen Ɗigogi a Bayan Rafi

Aikin da aka ba Dogo, a ido ba shi da nauyi. Ofishinsu ne ke kula da madatsar ruwan da ke saman gari, aka ce ya zauna gaban kwamfuta ya tsara inda mutane za su gudu idan, Allah ya kiyaye, madatsar ta fashe. Manhajar tana shimfiɗa taswirar garin, kowane mutum farin ɗigo. Ka kafa tuta inda kake so su nufa, ka danna, shuɗin ruwa ya taso, ɗigogi su kama hanya. Wanda ya kai tuta ya zama kore. Wanda ruwa ya cim masa ya koma ja, ya tsaya cak.

Ya kafa tuta a makarantar kan tudu, ya kafa a filin ƙwallo, gari ya yi ta zama kore. Sai unguwar bayan rafi, inda innarsa take zaune. Duk inda ya tura su sai sun bi ta gada, ruwan kuwa gadar yake fara ci. Ya matsar da tutar gabas, ya mayar da ita yamma, ya ƙara musu sauri har tsofaffi suka koma gudun samari. Da haka ma layin su Inna ja yake ƙarewa, a jere, kamar an shanya barkono a bakin hanya.

Kuma ya san manhajar alfarma take yi mata. Ita a lissafinta, da jin jiniya mutum zai fice. Inna kuwa ga ciwon gwiwa, kuma ba za ta bar layin ba sai ta buga wa kowace maƙwabciya ƙofa.

Ogansu ya leƙo da kofin shayi, ya tsaya a bayansa. Ya ce shi ma ya gaji da roƙon a yi wa unguwar hanya ta biyu, kullum sai a ce ana dubawa. Ya nuna wani tsohon sito mai bene a tsakiyar unguwar, ya ce a gwada can. Dogo ya kafa tutar, ya danna. Nan da nan layin ya yi kore shar, gwanin kyau. Sai dai dukansu sun san bangon siton a tsattsage yake.

"Cire," in ji Oga. "Bar shi ja, su gani."

Da aka tashi aiki Dogo ya wuce gidan Inna, ya same ta tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya roƙe ta ta koma wajensa, tunda ɗakin hayarsa a kan tudu yake. Ta yi dariya, ta ce ɗakin da matarsa ke juyawa da ƙyar, ita a kan firij za a shimfiɗa mata?

Ya ciro waya ya nuna mata hoton taswirar. Ta matso da ita kusa da ido, ta tambayi wanne ne ita. Ya nuna.

"To waɗannan na gefena fa, ɗan nan? Wannan ai mai ɗinki ce da jikokinta. Wannan makauniyar da nake kai wa ruwa. Ɗakin naka zai ɗauke mu duka?"

Ta miƙa masa wayarsa, ta ce madatsar ta girme shi, in ta ga dama ta ƙara haƙuri. Ta koma kan shinkafarta.

Da zai fita, sakatar ƙofar gidan ta cije, sai da ya sa ƙarfi. Ya koma ya roƙi ɗan mai a murfin kwalba, ya durƙusa yana shafa wa sakatar, yana ja yana turawa, har ta zama yatsa ɗaya ma ya isa ya buɗe ta.