Ba a Jijjiga Baƙo

Abin da ya rage wa Damdin a duniya shi ne ciyawar gefen tudu, wadda yake hana tumakinsa taɓawa sai dusar ƙanƙara ta sauka. Sauran kwarin kuwa tireloli sun cinye. Tun da kwaltar da ta ratsa gundumarsu ta fashe, direbobin da ke jigilar kwal zuwa iyaka suka daina bin ta. Kowa sai ya sauka cikin ciyawa ya yi tasa hanyar, in ta yi rami na bayansa ya matsa gefe ya buɗe sabuwa. Ciyawar Mongoliya kuma ba ta yafe taya, inda aka taka an taka ke nan.

Abin haushin, duk ranar da Damdin ya je gidan mai da babur ɗinsa sai ya ga allon nan da ke cewa a cikin kuɗin kowace lita akwai na gyaran hanya. Ya tambayi mai gidan man ina kuɗin ke zuwa, ya ce babban birni. Ya tambaya a taron gunduma, shugaban gunduma Zorig ya ce su ma ido suka zuba. Ya dinga tambaya har mutane suka sa masa suna Kwalta. Matarsa Hishge ta ce da surutu na cike rami, da tuni ya shafe hanyar har China.

Sai ga labari cewa za a turo mai duba hanyoyi, kuma abin da ya gani da idonsa shi zai sa a ware kuɗin gyara ko a hana. Damdin ya yi murna kamar an ce masa tumakinsa duk tagwaye za su haifa. Da aka ce shi zai shiga gaba da babur ya yi wa ayarin jagora, ya rantse wa Hishge sai ya bi da mutumin ta kowane rami, har haƙoransa su kaɗa.

Suka taryi mai duba hanyoyin a kan iyakar gunduma yadda aka saba, da shuɗin ƙyallen siliki da kwanon madara. Ashe dattijo ne, sunansa Luwsan, ya girmi Damdin nesa ba kusa ba. Da ƙyar ya fito daga mota, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Ya karɓi madarar da hannu biyu, ya tambayi lafiyar dabbobi kafin ta mutane, kamar ɗan makiyaya na gaske. Direbansa ya ce ba a daɗe da yi masa aiki a baya ba.

Zorig ya matso kusa da kunnen Damdin.

"Yaya Damdin, baƙo ne fa, kuma ya sha madararmu. A ƙasarmu za a karya masa baya?"

Damdin ya tayar da babur. Ya yi niyya, wallahi ya yi niyya. Amma da suka iso inda kwaltar ta fara lalacewa, ya waiga ya hango tsohon ya runtse ido a ramin farko. Mutumin da tun yana yaro aka koya masa ya ba baƙo wurin zama mafi kyau a tanti, shi ya zauna bakin ƙofa, yaya zai yi? Tsofaffin sawayen tireloli sun fi kwaltar muni. Wuri ɗaya ne mai laushi a duk kwarin. Ya karya kan babur ya hau gefen tudu, motocin ayari suka biyo shi a jere cikin ciyawarsa.

A tanti Hishge ta zuba shayin madara mai gishiri, ba ta ko kalli mijinta ba. Luwsan ya sha, ya yaba, ya ce rabonsa da tafiya mai daɗi irin ta yau tun kafin a kwantar da shi asibiti. Damdin ya daure ya ce ai kwaltar tana can ƙasa, ta mutu, ya kamata a koma a gani. Tsohon ya ce ya hango ta ta taga, akwai gyara kam, amma gundumomin da ya baro mota ba ta wucewa sam, nan kuwa ga shi an iso lafiya.

"To Baba, kuɗin da muke biya a kan mai, ina suke shiga?"

Luwsan ya juya kwanon shayi a hannunsa, da alamar kunya.

"Ɗana, asusu ɗaya ake zuba su da sauran kuɗin gwamnati. Daga nan ni ma ban sani ba. Na yi tambayar nan har na gaji."

Ba ƙarya yake yi ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Damdin ciwo. Da ɓarawo ne ma da ya samu wanda zai zaga. Suka raka shi da busasshen cuku a jaka, tsohon yana ta sa albarka.

Direban tirela ba ya tambayar hanyar wa ce, sabon sawu kawai yake nema. Kafin mako ya zagayo sun gano na gefen tudu. Damdin ya jera duwatsu ya tare, suka kewaye duwatsun, sawu ɗaya ya zama barkatai. Sanarwar gyara ta fito, babu sunan gundumarsu.

Dusar ƙanƙara ta sauka da wuri a shekarar. Damdin ya kora tumakinsa zuwa gefen tudu, don babu wani wurin. Suka sa kofato suna tono yadda suka saba, su tona nan su matsa can, ƙasa ce kawai baƙa a ƙarƙashi. Wata tsohuwar tunkiya ta gaji ta kwanta a cikin sawun taya. Hishge ta zo ta tsaya kusa da shi, ta dubi tumakin.

"Gobe ka fara yankawa," in ji ta, "tun da sauran nama a jikinsu."