Samfurin da Bai Koma Kwali Ba

Ƙas! Abin ya sake yin ƙara a cikin bokiti. Malam Ƙwaƙƙwafi ya ɗago shi, ya girgiza a kunne, ya mayar. Wata 'yar roba ce shuɗiya, ba ta wuce tafin hannu ba, da doguwar waya baƙa a gindinta. In ruwa ya ɗaga ta, wani abu ya gangara a ciki ya ce ƙas. In ruwan ya ja baya, ya sake cewa ƙas.

"Baban yara, da girmanka kake wasan ruwa?" in ji matarsa daga bakin kicin.

"Aiki nake. A tanki ake sa shi, in ya cika ya kashe inji da kansa. Abin da nake so in gane, awo yake yi ko makunni ne kawai. Kowanne da rukuninsa, kowanne da kuɗin fitonsa."

A ofishin kwastam aka laƙaba masa suna Ƙwaƙƙwafi, domin ba ya buga hatimi a kan kaya sai ya san cikinsu. Abokan aikinsa na yi masa dariya, shi kuwa yana jin daɗin abinsa. Bai taɓa karɓar na goro ba, kuma ba ya gajiya da faɗa.

"To ga tankinmu can kullum yana ambaliya, bangon maƙwabta har ya yi kore. Gwajin bokiti ai wasan yara ne."

"Ba namu ba ne. Samfur ne daga kayan wani, gobe zai koma."

"Samfur nawa suka koma a ofishin nan naku?"

Ya dubi tankin, ya dubi robar, zuciyarsa na ta ƙaiƙayi. Yaya za ta yi a ruwa mai zurfi? Kafin magariba yana kan tsani. Wayar ta yi tsawo, tana ta harɗe masa ƙafa, ya sa filaya ya datse ta daidai tankinsa ba tare da ya yi wani tunani ba. Da ruwa ya kai wuya, inji ya yi tsit da kansa, ya yi dariya shi kaɗai kamar yaron da aka saya wa keke.

*

Washegari ya tarar da mai kayan a kan bencin ofis. Tsohon mai gyaran famfo ne, hannayensa duk kanta. Shi ya yi odar kwalin, domin ya samu aikin sa wa tankunan wani sabon asibitin haihuwa, aiki mafi girma da ya taɓa zuwa hannunsa. Sharaɗin mai kwangila ɗaya ne: a kammala duka kafin ranar buɗewa, ko a ba wani.

"Baba, na gano shi!" in ji Malam Ƙwaƙƙwafi, fuskarsa a washe. "Ba ya faɗin yawan ruwa, ji kawai yake ya taɓa shi, ya yanke wuta. Makunni ne." Ya buga hatimi da ƙarfi.

"Allah ya saka da alheri, yallaɓai." Tsohon ya buɗe kwalin da ke gabansa. Ramukan robobi da babu komai a ciki sun fi a ƙirga da kallo ɗaya. "Masu duba kaya sun ɗauka, masu ƙiyasta daraja sun ɗauka, na bakin ƙofa ma sun ce za su bincika."

"Ba ka yi magana ba?"

"Maganar me? Ai kowa ya sani. Tun wajen oda na ƙara na kowane tebur a kai." Ya yi murmushi, ya miƙo hannu biyu. "Naka ne kaɗai ban sa a lissafi ba. Duk wanda na tambaya sai ya ce kai kana mayarwa."

Kunya ta kama Malam Ƙwaƙƙwafi tun daga wuya har tafin ƙafa. Ya tuna guntun wayar da ya jefar a bayan kicin.

"Yana gida, Baba. Gobe."

*

Da yamma ya hau tsani da filaya a hannu. In ya kai shi a haka, da waya a datse, duk ofis za su san inda ya kwana, shi da ke yi wa mutane wa'azi a kan samfur. Ya zaga shaguna bai sami irinsa ba. Yana tsaye yana wannan saƙa da warwara, tanki ya cika, abin ya ce ƙas, gida ya yi shiru.

"Sauko abinci na hucewa," in ji matarsa. "Yau maƙwabciya har gaisuwa ta aiko."

Ya sauko. Gobe ta zo ya ce jibi. Daga baya, in ya hango tsohon a benci, sai ya bi ta ƙofar baya, har bencin ya koma na wasu.

*

Bayan an buɗe asibitin, aikin ya koma hannun wani mai famfon saboda robobin tsohon ba su cika ba, wata rana ya bi ta bakin kasuwa. Sai ga tsohon zaune a ƙasa, ya shimfiɗa buhu, ya jera shuɗayen robobin yana sayarwa ɗai-ɗai, rana ta fara cinye launinsu. Babu hanyar kaucewa.

"Yallaɓai!" Tsohon ya yunƙura ya miƙe. Babu fushi a fuskarsa, sai son jin labari. "Ni fa har yau ban ga ko ɗaya a kan tanki ba. Yana aiki kuwa?"

Malam Ƙwaƙƙwafi, mai amsar kowace tambaya, ya daɗe yana kallon buhun.

"Yana aiki, Baba."

"Alhamdu lillahi. Na san kaya ne masu kyau."

Ya koma ya zauna, ya ɗauki ɗaya, ya shiga goge mata ƙura da bakin rigarsa.