Furen Wuyan Bhalu

Ranar karnuka ta bikin Tihar, na tashi da niyyar ba zan je ko'ina ba. Jiya an zuba wa hankaki shinkafa a kan rufi, yau karnuka ne, gobe shanu. Mu da muka karantar da yaran ƙauyen nan har kanmu ya yi fari, ba a ware mana rana ba.

Sai ƙanin matata ya buga waya ya ce in hau ruga, akwai magana. Sunansa Birkha, amma auta ne, Kancha kowa ke ce masa. Yayarsa Sanchamaya, matata, ta rasu bara waccan. Tun daga nan na karɓi gadin daji daga kwamitin ƙauye, don gidan ya yi mini shirun da littafi ba ya cikawa. Aikin kuwa shi ne in zaga cikin gora, in cire tarko, in duba habre, wata 'yar jar dabba mai zama a kan bishiya.

A bana akwai uwar habre guda da ta haihu a kogon wata tsohuwar bishiya, sama da rugar Kancha. 'Ya'ya biyu ta haifa da damina, ɗaya ya ɓace ban san yadda aka yi ba. Wanda ya rage ja ne kamar garwashi, fuska fari-fari, wutsiya ta fi shi girma. A makon nan ya fara saukowa ƙasa, kuma bai iya komawa sama da sauri ba tukuna. Saboda irinsa ne muka sha wuya kafin makiyaya su yarda su ɗaure karnukansu har sanyi ya kama.

Na tarar da Kopila, matar Kancha, durƙushe a gaban Bhalu tana ɗiga masa jan kwalli a goshi. Bhalu baƙin kare ne mai girman maraƙi. Na taɓa ganin abin da ya yi wa ƙafar wani mai tallar tukwane, shi ya sa nake gaishe shi daga nesa.

"Bhena!" Kancha ya ɗaga kofin giyar gero. Haka yake kirana, mijin yaya. "Na ce wa Kopila sai an kunna wa gidan nan wuta za ka fito daga cikin takardu."

"Ka ce akwai magana."

"Maganar ita ce ka ci sel tun da zafinsa. Ka rame kamar sandar kiwo."

Kopila ta cusa mini sel biyu, zoben soyayyar shinkafa, a aljihu, ta koma ta rataya wa karen sarƙar furanni ruwan ɗorawa. Ta zagaya ta sau biyu a wuyansa.

"Bara kafin in miƙe ya tsinke ta," ta ce. "Bana igiyar leda na sa, ta buhun shinkafa. Ya gwada mu gani."

Sai na ga Kancha ya sunkuya yana kwance sarƙar ƙarfen da ke wuyan karen.

"Kancha, me kake yi?"

"Yau ranarsa ce, Bhena."

"Ɗan habre yana saukowa. A gabanka aka yi maganar nan, har ka ɗaga hannu."

"Na ɗaga hannu a kan ranakun mutane. Wa ya taɓa ɗaure kare ranar karnuka? Kai dai karatu ya cinye maka tsoro."

Da ya san irin tsoron da nake ji a lokacin, da bai faɗi haka ba.

Kopila ba ta yi dariya ba. Ta dube ni, ta kira ni yaya da yarensu, ta ce, "Daju, wannan ne mai tsaron ƙofar Yamaraj, sarkin mutuwa. Duk wanda ya mutu ta gabansa yake bi. Didi tana can. Kai da kake mijinta za ka ce a wulaƙanta shi yau?"

Ina da amsa, mai tsawo ma, har da sunayen waɗanda suka rubuta ta. Amma Didin da ta ambata Sanchamaya ce. Na juya na dubi karen.

Bhalu ya cinye ƙwai da nama da nono, ya lashe kwano, ya kwanta. Har na fara cewa a raina ƙila ƙoshi zai riƙe shi. Sai iska ta juyo daga sama. Ya ɗaga hanci, ya miƙe, ya bi bayan garke ba gudu ba haushi, ya shige cikin gora.

"Budurwarsa zai je gaisarwa," in ji Kancha.

"Karyar tana gangare. Shi sama ya yi."

"To ka bi shi ka karanta masa doka."

Na bi shi. Kancha ya riga ya sha abin da ba zai bar shi ya hau dutse ba, kuma ko da idonsa biyu ba zai zo ba.

Gajimare ya sauko ya rufe dajin, ba na ganin abin da ya wuce tsawon gora ɗaya. Ban buƙaci sawu ba. Furannin suna zuba a hanya, nan ɗaya can ɗaya, kamar an yi wa ango shimfiɗa. Ina hawa ina tuna habren da na tsinta da bazara a bakin rafi, wanda karnuka suka riga ni. Wutsiyar ce kawai ta rage yadda take. Numfashina yana fita da ƙara, kuma ban san abin da zan yi ba in na cim masa. Adda ce kawai a ƙuguna, ta saran gora, hannuna bai taɓa ɗaga ta a kan mai rai ba.

Sai haushi ya tashi a sama, irin wanda ake ji a ƙirji kafin kunne. Ya yi ta yi. Can ya yanke, wani sauti ya maye gurbinsa, kamar tsoho yana tari a cikin bargo. Wannan ya fi ba ni tsoro. Na ɗauka bakinsa a cike yake.

Da na fito gindin bishiyar, ɗan habren na fara gani. Yana kan wani reshe da ya sunkuyo, bai fi tsayin kaina ba, ya ƙanƙame shi da ƙafa huɗu, ya sandare. Uwar tana can sama tana wani siririn fito, tana saukowa kaɗan tana komawa.

Bhalu yana ƙarƙashin reshen, a tsaye kan ƙafafun baya. Ya yi tsalle ne, sarƙar furen ta maƙale a wani karyayyen reshe, da ya faɗo sai ta shaƙe shi. Furannin duk sun zube, saura shuɗiyar igiyar Kopila da ta nutse cikin gashin wuyansa. Yatsunsa na baya suna taɓa ƙasa suna zamewa. Harshensa ya fito ya fara baƙi. Jan ɗigon yana nan a goshinsa.

Na tsaya. Ba sai na yi komai ba. In na ɗan jira, kwamitin daji ya huta da babban maƙiyinsa, kuma ba hannun kowa sai na mai igiya. In kuwa na yanke ta, tsalle ɗaya ya ishe shi ya sauko da ɗan.

Bhalu ya juyo da ido ya dube ni. Na karanta isasshe don in san babu wata ƙofa, babu mai tsaronta. Amma na ga Sanchamaya tsaye da ɗan ƙullin kayanta, kamar yadda take jiran motar garin Ilam, tana jira a buɗe mata. 

Na kwance mayafin ulu da ke wuyana, wanda ta saƙa mini shekarar da aka kai ni makarantar kan tudu. Na ɗaura gefe ɗaya a jikin wata ƙaramar bishiya. Ɗaya gefen dole ya zagaya wuyan Bhalu, wato dole fuskata ta zo daf da bakinsa. Warin nama da nono ya buge ni. Yatsuna sun ƙi ƙulla ƙulli, na yi na sake, ina ce masa, "Haba ranka ya daɗe, haba babban baƙo," kamar mai roƙon sufeto. Sannan na zura adda tsakanin igiyar da reshen na ja.

Ya faɗi tim. Ya ja iska da wata irin ƙara, ya sake ja. Abu na farko da ya yi da ransa da ya dawo shi ne ya kafa mini haƙora a hannu. Ban ji zafi ba a lokacin, sai nauyi, kamar an danne hannun da ƙofa. Ya saki, ya ɗaga kai, ya hango ɗan, ya zabura.

Mayafin ya miƙe. Ulu yana da ja, na ga yana ƙara tsawo, zaren yana buɗewa. Bakinsa ya kai ƙasa da reshen kaɗan. Ɗan habren ya miƙe tsaye a kan reshen ya ɗaga hannuwa biyu sama, wai shi a dole zai tsorata kare. Saura kaɗan ya faɗo.

Na faɗa kan Bhalu da duk nauyina, wanda ba shi da yawa. Na cire hulata na kifa masa a ido, na rungume wuyansa. Ina jin gurnaninsa a cikin haƙarƙarina. Da hannun da ya cije na laluba aljihu na tura masa sel a baki. Ya tofar, ya sake shinshinawa, ya haɗiye.

"Tafi mana," na ce wa ɗan. "Don girman iyayenka hau."

Bai motsa ba. Uwar ce ta sauko, kai a ƙasa, tana bin jikin bishiyar a hankali har na ga farin gashin kunnenta. Ta dube mu, ni da kare muna birgima a cikin laka. Ta bi reshen ta dungure ɗan da hanci. Ya juya da ƙyar, ya bi ta, yana zamewa yana kamawa. Ban saki wuyan Bhalu ba sai da wutsiyoyin biyu suka shige cikin gajimare.

Haka muka sauko ruga, ni a gaba, shi a baya ɗaure da mayafi, yana tari. Kancha ya miƙe, kofin ya faɗi.

"Bhena, ka ɗaure shi? Yau?"

Na jefa wa Kopila guntun shuɗiyar igiyar a cinya. Ta duba, ta buɗe gashin wuyan karen ta ga inda ta yanka. Ta dafe baki.

"Ba ta tsinke ba," na ce. "Kin iya aiki."

Ta wanke mini hannu da ruwan zafi da sabulu. Kancha yana tsaye da ƙarfen a hannu, ya kasa sa wa karen, ya kasa ajiyewa. Kopila ce ta tashi ta shimfiɗa bargonsu na baƙi a ɗakin da suke shanya cuku, ta kira Bhalu ciki da kwanon nono, ta ja ƙofa ta sa sakata.

"Baƙo a ɗaki yake kwana," ta ce wa mijinta. "Kai kuma ka wanke fuska ka raka Daju asibiti a yi masa allura."

Bhalu ya cinye musu rabin cukun kafin gari ya waye. Kopila ta nemi in bar mata mayafin ta gyara, na ce a'a.

Da hannun ya warke na koma gindin bishiyar. Akwai kashin habre sabo, kore, babba da ƙarami a gefensa. Na tsaya ina saurare ko zan ji haushi daga ƙasa. Har yanzu duk hawan da zan yi sai na tsaya a wurin na saurara.